Ba Wanda Ya San Wa Kawu Ya Zaɓa

An yi wa kawuna ƙarya ranar sadakar ukunsa, a ƙofar gidansa, da lasifika. Waɗanda suka yi ƙaryar mutanena ne, 'yan jam'iyyar da nake ɗaura ɗankwalinta, nake yi wa ihu har muryata ta dushe. Ba zan rufa musu asiri ba. Shi ya sa na ɗauki biro, ni da ban iya riƙe shi ba sai bayan na aurar da 'yata ta fari, na shiga ajin manya a Maamobi, ina zama a bencin yara gwiwoyina suna dukan tebur.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Aikinsa ejan, wato mai sama wa mutane ɗakin haya. Ya rasu da hantsi, ana saura 'yan makonni a yi zaɓe, na biyu tun da sojoji suka tuɓe kaki. Kafin azahar lungunmu na Nima ya cika har ba wurin sa ƙafa. Zabarmawa masu albasa sun zo, Mosawa da Kotokoli sun zo, Yarbawan Lagos Town sun zo, makanikan Abossey Okai sun zo da baƙin mai a farcensu. Wata tsohuwa 'yar ƙabilar Ga mai sayar da kifi, wadda ko musulma ba ce, ta zauna a bakin gota, kwatar ruwan unguwa, tana kuka da yarenta, ba wanda ya iya tashinta. Wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Na sauko daga motar arewa da tabarma ɗaya, ban san kowa ba. Shi ya ba ni ƙofar da zan rufe."

Wannan kukan na gaskiya ne. Abin da ya biyo baya ne ya ƙona mini rai.

Ranar uku, babban ɗan Kawu, wanda nake kira ƙanena, ya sa aka kafa rumfuna masu launin jam'iyyarmu, aka jera kujerun roba, aka kawo lemo akwati-akwati. Malamai suna shafa fatiha, wani babba na jam'iyya a unguwa ya karɓe lasifika. Ya ce, "Baba namu ne tun asali. Ya sha faɗa mini a kunne cewa zuciyarsa tana tare da mu." Samarin ɗaya ɓangaren da ke tsaye a baya suka ɗauka: "Ƙarya ne! Namu ne! Wa ya sama wa shugaban matasanmu ɗaki?" Aka fara ture kujeru. Saura kaɗan a ba hammata iska a kan mutumin da ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

Na shiga ciki wurin matar Kawu, tana zaune a tabarmar takaba, ta ji komai ta taga. Ta dube ni ta ce, "Tun ina yarinya nake tuƙa masa tuwo, bai faɗa mini wa yake zaɓa ba. Sai wannan mai tumbin ya faɗa wa a kunne?"

To bari in faɗi wane ne Kawu, tun kafin su gama raba shi.

Ba shi da ofis, ba shi da allo. Benci ne da shi a gindin bishiya kusa da mai koko, a bakin babbar gota. Farar hula, tawul a kafaɗa, silifas da ya sha ɗinki har ba a gane asalin launinsa. In ka zo neman ɗaki, ba ya kwatanta maka hanya. Tashi yake ya shige gaba, kai kana biye, cikin lungunan nan da sai ka karkata kafaɗa kafin ka wuce. In kun isa, ba ya fara nuna maka ɗakin. Gindin bango yake fara nuna maka, inda ruwan damina ya bar zane. "Nan ruwa yake kaiwa. Ka gani da idonka." Sai famfo, sai nisan bayan gida na unguwa. Daga nan ya shigar da kai ɗakin da rana tsaka, ya rufe ƙofa da taga, ya ce, "Ɗaga kai ka duba taurari." Duk hudar da ke kwanon rufi sai ta haska. "Kowane tauraro ka gani yanzu, roba za ka tara masa in ruwa ya sauko." Masu gida sun sha yi masa faɗa a kan wannan. Bai daina ba.

In ɗaki ya yi maka, sai ya kai ka wurin mai gida, ya tuɓe silifas a bakin ƙofa, ya yi sallama, ya ce, "Na kawo mutum. Ni na tsaya masa." Shi ke nan. A Nima da Maamobi wannan maganar ta fi kowace takarda nauyi. In ɗan haya ya yi rigima, Kawu ake kira. In mai gida ya cire wa mutum wuta don mugunta, Kawu ake kira.

Yakan tambayi mai nema aikinsa, da yawan yaransa, da ko yana shan abin da zai sa ya dawo yana waƙa. Amma bai taɓa tambayar kowa wane ɓangare yake ba, kuma bai taɓa faɗin nasa ba. An gwada shi ta kowace hanya. A wurin mai koko rediyo na kunne, gardama na tashi har ana nuna wa juna cokali, shi yana tsoma ƙosai a kokonsa kamar kurma. In mai neman ɗaki ya fara a hanya, "Baba, gwamnatin nan ta kashe mu," sai ya ce, "Kula da ƙafarka, akwai rami." In mai gida ya ja shi gefe ya ce, "Wannan da ka kawo, na su wa ne?" sai ya ce, "Na masu neman wurin kwana." Ranar zaɓe yakan riga kowa zuwa layi, ya dawo da tawada a babban yatsa. Samari su ce, "Kawu, wa ka dangwala wa?" Ya ce, "Takarda." Akwai shekarar da wata jam'iyya ta ɗauki launin tawul ɗinsa. Washegari ya ba matarsa ya ce ta riƙa sauke tukunya da shi, ya sayo fari.

Ni ba haka nake ba. Abin da ke cikina shi ne a bakina, duk kasuwa ta sani. Na taɓa ce masa, "Kawu, namiji kamar kai, ba ka da ra'ayi ne?"

Ya ce, "Ina da shi, har ya fi naki zafi."

"To faɗi mana."

"Ke sabulu kike sayarwa. Wanda bai son bakinki ya matsa tebur na gaba. Ni mutum yana zuwa wurina da katifa a ka, matarsa da goyo, hadari ya haɗu. In na ce masa ga wanda nake so, me zai ce? Cewa zai yi shi ma shi yake so. Na sa shi ƙarya ke nan kafin ya sami inda zai kwanta." Ya kurɓi koko ya ƙara da cewa, "Kuma ni na san ɗakin kowa a garin nan. Ranar da na zama na wasu, ranar za su zo su ce in nuna musu ƙofar sauran."

Na ɗauka wayon tsufa ne. Sai da lokacin sojoji ya zo.

Waɗanda ba su gani ba ba za su gane ba. Aka ce mu 'yan kasuwa mu ne muka ɓoye kaya, mu ne muka sa komai ya yi tsada. Aka kafa kwamitin samari a kowace unguwa. Cikin namu akwai wani dogo mai wushirya, yana rataye da usur a wuya. Shi ya sa ƙafa ya kife teburina. Suka raba sabuluna da madarata a farashin da suka ga dama, suka kwantar da ni a benci, suka yi mini bulala a gaban 'yata. Shi yana hura usur, ana saukar da bulala. Tabon yana bayana har yau, in sanyi ya shigo yakan yi mini ƙaiƙayi.

Ba a daɗe ba suka je bencin Kawu. Wani malamin makaranta suke nema, wai ya zagi gwamnati.

Suka ce, "Kai ka san ɗakinsa."

Ya ce, "Na sani."

"To tashi ka kai mu."

"Ba zan kai ku ba."

"Kana tare da mu ne, ko kana tare da maƙiyan ƙasa?"

Ya ce, "Ni ejan ne."

Suka sa shi ya shiga gota, dattijo da furfura a gemu, ya riƙa kwaso ƙazanta da hannu yana zubawa a bokiti, tun hantsi har aka kira la'asar. Mutane suna tsaye suna kallo, ba mai iya cewa uffan. Mai wushirya yana bakin gota da usur ɗinsa. A cikin ruwan nan kwalba ta yanke Kawu a tafin ƙafa. Ya dawo gida, matarsa ta dafa ruwa, ya yi wanka, washegari ya koma bencinsa. Malamin makarantar bai taɓa sanin abin da aka yi dominsa ba sai da ya ji a bakin mutane. Ƙafar kuwa ba ta sake zama daidai ba. Tun daga ranar Kawu yake ɗingishi, kuma ita ce daga baya, da ciwon suga ya haɗu da ita, ta kwantar da shi.

Shekaru suka wuce, kwamiti ya watse, usur ya yi shiru. Mai wushirya ya zama direban trotro, motar hayar cikin gari, ya yi aure, matarsa ta yi ciki, suna kwana a cikin mota a tasha. Ba mai gidan da ya yarda ya ba shi ɗaki, don Nima ba ta mantuwa. Ya rasa inda zai je, ya zo ya durƙusa a gaban bencin nan. Kawu ya tashi, ya shige gaba yana ɗingishi, ya kai shi wani gida, ya tuɓe silifas, ya ce, "Ni na tsaya masa."

Da labari ya iso ni, ko tebur ban rufe ba na tafi.

"Kawu, ba ka da zuciya ne? Ka manta bayana? Ka manta ƙafarka?"

"Ban manta ba. Da ita na taka na kai shi."

"Wallahi kai matsoraci ne. Shirun nan naka duk tsoro ne."

Mai koko ta ce, "Ei, 'yar nan, kawunki ne fa!"

Shi ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Matarsa ce ta dake ki?"

Kafin in buɗe baki ya ƙara:

"Abin da ke cikinta ne ya hura usur?"

Na tofar da yawu a ƙasa na juya. Ƙaramar salla ta zo ban gaishe shi ba, babba ta zo ban gaishe shi ba. Kuma kada wanda ya karanta wannan ya zaci zan ce na yi kuskure. Wanda aka kwantar aka daka a gaban 'yarsa yana da ikon ya yi fushi. Kawu ma bai taɓa ce mini in yafe ba. Abin da bai yarda ba shi ne fushina ya shiga aikinsa.

Muna cikin wannan gabar mijina ya rasu. Ina gama takaba danginsa suka ce suna son ɗakinsu, ga damina ta kama. Ban aika wa Kawu ba, girman kai bai bar ni ba. Wata safiya sai ga shi a ƙofa. Bai tayar da tsohuwar magana ba, bai jira gaisuwata ba. Ya ce, "Ɗauko mayafinki." Ya shige gaba, na bi shi har Maamobi, gidan wata Hajiya. Ciki da falo ne. Ya nuna mini gindin bango, ba zanen ruwa. Ya rufe ƙofa ya ce in ɗaga kai. Duhu ƙirin, ko tauraro ɗaya babu. A cikin duhun nan na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da mijina. Ya bar ni na gama kafin ya buɗe ƙofa.

Na yi shekaru a gidan Hajiya. Tare muke shan ruwa da azumi. Ita ta riƙe hannun 'yata ranar haihuwarta ta fari. Sai da aka dawo da jam'iyyu, wata safiya na fito da sabon ɗankwalina na 'yan adawa, na tarar tana manna hoton ɗaya ɓangaren, ɓangaren da ya fito daga cikin sojoji, a ƙofar gida. Ta dubi kaina, na dubi hannunta. Muka tsaya kamar an dasa mu.

Ta ce, "Ke?"

Na ce, "Ke ma?"

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Tsohon nan ya san mu duka biyu, bai ce komai ba."

Da ya faɗa mini, da ban taka gidanta ba. Da ya faɗa mata, da ba ta buɗe mini ƙofa ba. Muka ci gaba da zama, muna zagin shugabannin juna da safe, muna aika wa juna miya da yamma. Bara ɗana ya ɗauke ni zuwa wurinsa a New Town. Ɗakin ya zama ba kowa, Hajiya ta ba Kawu makulli ta ce ya kawo mata wanda ya yarda da shi, don ita ba ta ba mutum ɗaki sai an tsaya masa.

Lokacin ƙafar ta riga ta ci ƙarfinsa. Bencin ya koma hannun ƙanena, wanda ya kafa allo, ya manna hoton ɗan takararmu a jikin bishiyar. Kawu yana kwance bai sani ba, ko kuma ya sani ya haɗiye. Ganina da shi na ƙarshe, ya rame har hular ta yi masa yawa. Na so in sa shi dariya, na ce, "Kawu, yanzu dai ba kowa, faɗa mini wa kake dangwala wa." Ya yafito ni da yatsa. Na kai kunnena bakinsa. Ya ce, "Kwanon ɗakin nan ya fara tauraro. Ki faɗa wa ƙaninki kafin ruwa."

Abin da ya faɗa a kunne ke nan. Ni aka faɗa wa, ba mai tumbi ba.

Yanzu in koma ranar uku, don ban gama ba. Bayan an raba faɗan, mutane sun fara watsewa, ana naɗe tabarmi, sai wata mata ta matso wurin ƙanena da yara uku a bayanta. Na gane ta. Matar mai wushirya ce. Shi ya mutu a hatsarin mota tun bara, ban je gaisuwa ba, ba kuma zan ce na yi kuka ba. Mai gidansu yana son ɗakinsa zai yi wa ɗansa aure, ya ce ƙarshen wata ta fita. Ta durƙusa ta ce, "Baba ya yi mini alkawarin ɗaki a Maamobi kafin ya kwanta. Ya ce gidan wata Hajiya."

Ƙanena yana zaune cikin samarin jam'iyya. Ya ce, "Ɗakin nan akwai yaronmu da ke so. Ke wa za ki zaɓa?"

Ta dubi rumfunan, ta dubi rigunansu, ta dubi yaranta. Ta ce, "Ku."

"Ba mu ji ba, Mma. Ɗaga hannu ki yi alamar mu gani."

Ta ɗaga. Ta yi alamar jam'iyyarmu da yatsunta, ta faɗi takenmu da muryar da ko ita ba ta ji ba. Samarin suka fashe da dariya, wani ya ce, "Cale, abokina, ta iya fa!" Babban ɗanta, wanda yake cikinta lokacin da suke kwana a mota, ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa.

Ƙanena ya ce, "Mun san mijinki. Ki dawo bayan zaɓe mu gani."

Kafin bayan zaɓe ya zo, kayanta za su riga su kai bakin titi. Shi ma ya sani.

Ina tsaye a wurin, ɗankwalina launinsa ɗaya da rumfar da ke kaina. Shekara da shekaru ina jiran ranar da zan ga gidan mutumin nan a ƙasa. Ga ta ta zo, a ƙofar Kawu, a kan tabarmar makokinsa, kuma abin da na ji a bakina ɗaci ne kawai. Abin da ya faɗa mini a wurin mai koko ne ya faru a gabana, babu ragi: an sa mace ƙarya don ta sami inda za ta kwantar da 'ya'yanta, kuma ba a ba ta ba.

Allah Ka jiƙan Kawu. Ya rufa wa bayinKa asiri da kwano da ƙofa, Ka rufa masa nasa. Ka yalwata masa ɗakin da yake ciki yanzu, Ka sa kada komai ya ɗiga masa. Mu da ya bari, ban san me za mu zama ba. Yaran da ke aikin yanzu da hoto suke fara gaishe ka kafin su tambayi sunanka.

Washegari bayan asuba na cire ɗankwalin, na ninke shi na sa a ƙasan akwati. Ban ƙona shi ba. Ranar zaɓe zan ɗaura shi, kuma nawa zan dangwala wa. Na ɗaura fari na tafi Nima. Matar Kawu tana jan carbi. Kafin in buɗe baki ta kwance bakin zaninta, ta ciro makulli ta sa mini a hannu. Ta ce, "Ni ya ba ajiya, bai ba ɗansa ba. Ya ce na matar direba ne."

Ƙanena yana tsakar gida da asuwaki a baki. Ya ga makullin ya ce, "Yaya, ina za ki da wannan? Ke fa tamu ce."

Na ce, "Ranar zaɓe ni taku ce. Matsa in wuce."

Na sami matar direban tana ɗaure kwanuka a cikin zani. Da ta gan ni ta miƙe zumbur, don ta san ni, ta san bayana. Ta fara cewa, "Wallahi ku zan..."

Na ce, "Ban tambaye ki ba. Ɗauko mayafinki."

Na shige gaba, tana biye da yaran. Muka bi bakin gota, muka wuce bencin da hoton da ke jikin bishiya, muka haura Maamobi. Na nuna mata gindin bango. Na rufe ƙofa na ce ta ɗaga kai. Sannan na kai ta ƙofar Hajiya, na tuɓe takalmina, na yi sallama. Hajiya ta fito, ta dubi matar, ta dube ni, ta sake duban matar.

Na ce, "Na kawo mutum. Ni na tsaya mata."